Tayar Baya

Babur ɗin Baba ne, Suzuki mai jan tanki,
ya girme ni da shekara biyu,
ya san Kurna tun ana noman gero a bakin hanya.

Ni na gaje shi, da makullinsa ɗaure da zare,
da tarin da yake yi kafin ya tashi da asuba,
da 'yar siririyar tayarsa ta baya.

Ƙanƙara nake kaiwa, buhu uku,
daga Ɗorayi zuwa masu lemo a Ƙofar Wambai.
Ran Talata ruwa ya sauka,
na zo shan kwana a Gadon Ƙaya,
tayar ta ce ba da ita ba.
Na tashi da caɓi har kunne,
jarina na narkewa a kwata,
'yan adaidaita suna dariya.

Shi ya kai ni Fagge da kuɗin adashi.
Na nuna wata mai kauri kamar cinyar sa,
mai zurfin zane, sabuwa fil a leda.
Taya ce, amma ban ko taya ba,
yadda aka faɗa haka na saya.

Tasi'u makanike, gindin dalbejiya,
ya juya ta, ya dubi babur, ya dube ni.
"Malam Rabilu, ka sayo wa tsoho takalmin soja.
Sawa dai zai sa.
Ka tambaye shi ko zai iya?"

Ya kwance noti, ya shafa wa bakin rim ruwan omo,
liba biyu, gwiwa ɗaya.
Yaronsa Ɗanliti na hawa famfo yana sauka
har ta ce ɗas, ta zauna.
Aka mayar da wili, aka juya.

Ƙiii.
Tana gugar cen ta hagu,
tana lasar shokozoba ta dama.
Aka ƙara washa, aka cire murfin cen aka jingine,
aka ja ta har iyakar inda noti ke kamawa.
La'asar ta yi, muka je muka dawo.
Tsakaninta da ƙarfe bai fi tsinken tsire ba,
amma dai ta wuce.
Saura madigadi, shi ya ƙi ba da hanya.

Madigadin nan Baba ya kai wa mai fenti
shekarar da aka yaye ni,
aka rubuta da fari, daga sama zuwa ƙasa:
Sannu
ba ta
hana
zuwa.
Tasi'u ya auna, ya jawo zarto.
"Bakin nan ne kawai, yatsa uku."
Na ce, "Yanka."
Ban san daga ina na aro wannan murya ba.

Zuwa ta faɗi cikin baƙin mai.
Na tsince ta, na goge da gefen riga,
na sa ta aljihu tare da canji
kafin Ɗanliti ya waiwaya.

Gaskiya ɗaya ce: ba ta santsi.
Na bi caɓin Gadon Ƙaya jiya, ko gezau.
Amma kwana sai na roƙe shi,
gadar Ƙofar Nasarawa sai da nishi,
man da ke kai ni Laraba
yanzu Litinin da yamma sai in ji ya fara shaƙewa.
Tsohon bai yi gardama ba,
ya dai rage tafiya.

Masu bina a baya suna karantawa:
Sannu ba ta hana.
Wani mai kurkura ya leƙo a danja,
"Hana me, Malam?"
Na taɓa aljihu, wuta ta ba mu hannu.

Tsohuwar tayar na kawo gida.
Na so in rataye ta a zaure,
Nafi'u ya riga ni, ya mai da ita gare.
Ɗazu da na shigo layinmu, a giya ɗaya,
ina kaucewa ramin ƙofar gidan Uwale,
sai ga ta nan, siririya, suɗaɗɗiya, ba nauyin kowa a kanta,
yaro na binta da kara yana ihu.
Ta zo ta gefena ta wuce,
ta bar mu a baya.